Wa Zai Zauna da Baba?

Injiniya ne ya sa wa Baba naman a baki, amma Yaya ce ta sa hannu ta ciro shi.

Ƙarshen mako ne, ranar da gidan kan cika da masu zuwa gaisuwa. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta ɗauke masa, haɗiya ma ta zama aiki, Yaya, babbar 'yarsa, ita ke kwana da tashi da shi. Ita ke murƙushe masa abinci har ya yi laushi, ita ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ita ke wanke shi ta wanke abin da ya ɓata. Kekenta na ɗinki ma a ɗakinsa ta ajiye shi, gindin taga, tana ɗinka wa 'yan makaranta kaya, ido ɗaya a kan allura, ɗaya a kan gado. Ta faɗa ta sake faɗa cewa kada a ba shi abu mai tauri. Amma Injiniya, ƙaninta da ke bi mata, ya shigo da gasasshen nama a takarda, ya ga Baba na bin takardar da ido, sai tausayi ya kama shi, irin tausayin mai zuwa sau ɗaya a mako.

"Haba Yaya, kullum ruwa-ruwa kamar jariri? Bari tsoho ya ɗanɗani daɗin duniya."

Kafin ta ɗaga ƙafa daga kan keke ya riga ya tura masa yanka guda. Baba ya tauna, ya yi ƙoƙarin haɗiyewa, sai idanunsa suka firfito, wuyansa ya miƙe, numfashi ya tsaya. Injiniya ya ja da baya yana salati. Malama, ƙanwarsu mai koyarwa, ta fita da gudu neman ruwa. Auta, wanda ke da shagon wayoyi a bakin titi kuma yake kwana a ɗakin ƙofar gida, ya daskare da waya a hannu. Yaya ce ta haye gadon, ta tallafo kan Baba, ta cusa manuniyarta ta dama cikin bakinsa ta ƙwaƙulo naman. A daidai lokacin muƙamuƙinsa ya datse. Bawan Allah bai san abin da yake yi ba. Sai da ta danne masa haɓa da hagu kafin ta zare yatsan, haƙora sun nutse a kan gaɓar, jini na bin tafin hannunta.

Da numfashin Baba ya dawo, raha ma ta dawo.

"Ashe haƙoran tsoho na nan da ƙarfinsu," in ji Auta.

"Cizon uba ai albarka ce, Yaya," in ji Malama, tana shan ruwan da ta ɗebo wa Baba. "Mu ko ɗan taɓin nan ba mu samu ba."

Aka yi dariya, har da ita. Ta wanke yatsan a bakin famfo, ta yagi ƙyalle cikin ragowar yadi ta ɗaure, ta koma ta canja wa Baba riga. Injiniya ya naɗe sauran naman ya tafi da shi gidansa.

Washegari yatsan ya kumbura. Kwana biyu bayan nan ya ƙi lanƙwasuwa, kumburin ya hau bayan hannu, fatar ta yi sheƙi, zogi na bugawa a ciki kamar ana sara da guduma. Ba ta iya riƙe almakashi, ba ta iya zura zare. Da ta kwance ƙyallen sai mugunya ta biyo, da wani wari da ya sa ita kanta ta kawar da kai. Zazzaɓi ya rufe ta tana cikin yi wa Baba wanka. Ranar ce ta kira Injiniya, ta ce ya zo ya kai ta asibiti. Ya ce da safe, in zai wuce ofis. Aka bar Auta da Baba, yana ta ƙunƙuni a kan shagon da bai buɗe ba.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta juya hannun a hankali, ta gwada miƙe yatsan, Yaya ta saki ƙara ba shiri.

"Me ya cije ki?"

Kunya ta kama Yaya, ba don kanta ba, don Baba. Injiniya ne ya amsa yana murmushi, ya ba da labarin a taƙaice, ya tsallake wanda ya kawo naman.

Likita ba ta yi murmushi ba. "Bakin mutum cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma haƙorin ya kai su har cikin gaɓa. Yanzu sun kama hanyar jijiyar yatsa. Wannan ba ciwon da za a shafa wa magani a koma gida ba ne. Zan ba ta gado yau. Za a buɗe wurin a wanke shi, a sa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, safe da yamma, kamar mako guda. In an yi haka, da yardar Allah hannunta zai dawo."

"In ba a yi ba fa?" Yaya ta tambaya.

"Za ki iya rasa yatsan. Za ki iya rasa fiye da yatsan."

Injiniya ya gyara zama, ya sa muryar da yake sa wa 'yan kwangila. "Likita, ba maganar kuɗi ba ce, ko nawa ne za mu biya. Mahaifinmu ne kwance, kuma ita ce ta san kansa. Babu na haɗiya mai ƙarfi da zai yi aikin allurar?"

"Babu."

"To a ba mu yau kawai. Mu je mu tsara wanda zai zauna da shi, gobe da sassafe in kawo ta da kaina."

Likita ta kalli Yaya, tana jiran ta ce wani abu. Yaya ta kalli ƙasa. Ta saba idan Injiniya na magana da mutanen waje ba ta katse shi, don kada a ce gidansu ba tsari. Likita ta ɗebi mugunyar don gwaji, ta wanke abin da ke wankuwa, ta naɗe hannun, ta rubuta ƙwayoyi.

"Wannan na riƙon ƙwarya ne zuwa gobe, ba magani ba ne. Ta ɗaga hannun sama, kada ya taɓa ruwa. Lambar wa zan kira idan sakamakon gwaji ya fito?"

"Tawa," in ji Injiniya. "Ita ba ta cika ɗaukar waya ba."

Da yamma aka yi zama a falo. Yaya na kan kujera da hannu a kan matashi, ƙofar ɗakin Baba a buɗe don ta riƙa jin motsinsa. Tambaya ɗaya ce a gabansu, wa zai zauna da Baba na mako guda, kuma kowa ya zo da amsarsa a aljihu.

Injiniya ya ce wallahi da a ce watan jiya ne da ba sai an yi zama ba, amma yanzu suna tsakiyar miƙa aiki, in ya ɗaga ƙafa ogansa zai ba wani kujerarsa. Matarsa kuwa, kowa ya san ta da ƙyanƙyami, ko kashin ɗanta ba ta iya gani. Malama ta ce ɗalibanta na gab da jarrabawa, kuma maigidanta ba ya son ta kwana a waje, su ma sun sani. Auta ya ce shi namiji ne, ina shi ina wanke tsoho, kuma rabin yinin da ya yi ɗazu ya gane Baba ba ya sakewa da shi.

"To a ɗauko ma'aikaciyar jinya mana, ta haya," in ji Yaya.

Nan suka haɗa baki su ukun kamar an aiko su.

"Bare? A kan Baba?" Malama ta dafe ƙirji. "Yana da 'ya'ya huɗu a raye, a ce wata ce ke ganin tsiraicinsa? Me duniya za ta ce da mu?"

"Mutanen nan ba su da imani," in ji Injiniya. "Ba ki jin labarin yadda suke dukan tsofaffi? Ni ba zan iya barci ba."

Duniya dai ba ta taɓa zuwa ta wanke zanen gado ko ɗaya a gidan nan ba, amma ra'ayinta ya fi hannun Yaya nauyi. Aka tashi a kan cewa a ga yadda ƙwayoyin za su yi zuwa jibi, tunda likitoci dama akwai su da tsoratarwa. Malama ta rungume ta a bakin ƙofa ta ce, "Ki yi haƙuri Yaya, babba juji ne." Suna fita Baba ya ɓata shimfiɗa. Yaya ta zura hannun cikin leda, ta ɗaure da zare a wuyan hannu, ta shiga aiki. Kafin ta gama ruwa ya shiga ledar, bandejin ya jiƙe sharkaf.

Ba za a ce 'yan'uwan Yaya ba su damu da ita ba. Sun damu ƙwarai, kuma damuwar tasu a leda take zuwa. Malama ce ta fara, ta biyo daga makaranta da ragowar kafso na lokacin da ɗanta ya yi ciwon kunne. Ta kwance bandejin da likita ta naɗa, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ɓalle kafso biyu ta zazzage garin a kan ciwon.

"Haka surukata ke yi. Kafin ki haɗiya ya zagaya jiki ya iso yatsa ai an daɗe. Wannan kuwa kai tsaye."

"Likita ta ce ta jijiya."

"Likita ai dole ta ce haka, gadajensu ne babu kowa. Sauran ki riƙa sha da na asibitin, ƙarfi biyu ya fi ɗaya."

Ta zauna minti kaɗan, ta leƙa ɗakin Baba daga bakin ƙofa ta ce masa sannu, ta tafi ɗora girki.

Injiniya ya aiko direban ofis da kwali mai kyau, rubutun jikinsa na ƙasar waje. Ya biyo da kira. Wani abokinsa mai babban kantin magani ne ya ce wannan shi ne uban duk wani antibayotik, manyan mutane kaɗai ke sayensa. Ya ce ta ajiye na asibiti, ta koma wannan.

"Ka ce gobe za ka mayar da ni," in ji Yaya. "Goben ta wuce."

"Ina sane, Yaya, ina sane. Ki gwada wannan tukuna. In bai yi ba, ni da kaina."

Auta kuwa da ya ji ana ta maganar allura, sai ya kawo mai kemis ɗin da ke maƙwabtaka da shagonsa. Mutumin ya kalli hannun daga nesa, ya ce ai ya ga waɗanda suka fi wannan, ya yi mata allura guda a cinya, ya haɗa da ta kashe zafi. Ranar zazzaɓin ya sauka, zogin ya lafa, har ta ci abinci. Auta ya ɗauki hotonta tana ba Baba shayi da hagu, ya tura wa sauran, ya rubuta cewa Yaya ta warware. Addu'o'i suka yi ta shigowa wayarsa, yana karanta mata. Mai kemis bai sake dawowa ba, don a cewarsa wanda ya ji sauƙi ba ya bukatar ta biyu.

Tagar ɗakin ta cika da magani, kwalaye da kwalabe da katunan ƙwayoyi, kowanne an sha rabi an bari. Yaya kan zauna ta kalle su, takaici ya cika ta har wuya. Ba ta taɓa ganin gidan da magani ya yi yawa haka ba, ga kuma ciwo na cin ta a tsakiyarsa. Abin da take bukata ba ya shiga leda. Mutum ɗaya take nema ya zauna a kujerar da ke gefen gadon nan na mako guda, kuma shi ne abin da ya gagari gidan gaba ɗaya.

Sauƙin bai kai ko'ina ba. Zazzaɓin ya dawo da rawar sanyi, haƙoranta na haɗuwa cikin tsakar rana. Ga gudawa da tashin zuciya saboda haɗe-haɗen da take sha. Kumburin ya wuce wuyan hannu, wani jan layi ya miƙe a cikin damtsenta, kaluluwa ta fito a hammata. Kan yatsan ya bar ja ya koma toka-toka, sannan ya fara duhu. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ya daina ciwo. Ta soka masa allurar ɗinki, ba ta ji komai ba.

Iyayen yara suka yi ta zuwa karɓar ɗinki, tana ba su haƙuri. Wata ta karɓi yadinta ta kai wani wuri, ba ta ko ɓoye ba. Yaya ta rufe keken da zani don ta daina ganinsa.

Aikin Baba kuwa bai san da ciwo ba. Juya shi da hannu ɗaya sai ta sa kafaɗa da gwiwa, shi yana nishi ita tana nishi. Wata safiya tana goge masa baki ya kafe hannun da ido. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga idonsa zuwa fuskarta, bakinsa na motsi, magana ta ƙi fita. Hawaye ya gangaro masa ta gefen da ya shanye.

"Ba kai ba ne, Baba," ta ce. "Wallahi ba kai ba ne."

Daga ranar ya fara rufe baki idan ta kawo cokali. Sai ta yi ta lallashi kafin ya karɓi loma biyu. Da ta gaya wa Malama a waya, Malama ta ce, "Kin gani ko? A hannunki ma yana ƙi, ina ga hannun wani? Ai ke kaɗai ce maganinsa."

Ta yi tunanin ta ja ƙofa ta tafi asibitin da ƙafarta. Har ta sa mayafi, ta kai bakin titi, ta tsaya gaban shagon Auta. Yana cikin ciniki, ya ɗaga mata hannu alamar ta jira. Ta jira. Da ya gama ta ce ya je ya zauna da Baba, ita ta tafi, in sun ba ta gado shi ke nan.

"Yaya, in kika kwanta a can wa zai karɓe ni? Ni kaɗai za ku bar wa? Ki kira su Injiniya ku gama magana, ni ba na ƙi ba ne."

Ta kira Injiniya a tsaye a wurin. Bai ɗauka ba. Ya turo saƙo cewa yana taro. Ta tsaya rana na dukanta, tana tuna ta bar Baba a kan gefen hagu, kuma idan ya yi tari a haka zai iya shaƙewa. Ta juya ta koma gida. Ta ji haushin su, ta ji haushin kanta fiye da nasu, don ta san da wannan juyawar suka dogara tun farko.

Da ƙarshen mako ya zagayo suka zo gaisuwa kamar kullum. Warin ya tare su tun daga falo. Malama ta buɗe tagogi ta kunna turare. Yaya ta kwance hannun ta ajiye musu a kan tebur. Auta ya fita waje. Injiniya ya kalli silin.

"Gaskiya abin ya yi yawa," ya ce. "Farkon mako in Allah ya kai mu, ba fashi. Yau likitocin kirki ba sa nan, sai masu koyo."

"Asibitin ba su kira ka ba? Maganar gwajin?"

Ya shafa aljihu kamar wayar ce za ta amsa. "Lambobi da yawa ke kirana, Yaya. Zan duba."

Ba ta kai farkon makon ba. Washegari da hantsi ta sunkuya za ta ɗaga Baba ta sa masa matashi, sai ɗakin ya juya mata. Ta ji ƙafafunta sun tafi, ta ji kanta ya bugi ƙarfen gado. Abin da ta iya tunawa na ƙarshe shi ne wani irin gurnani da Baba ke yi, yana dukan bango da hannunsa mai lafiya, yana yi yana ƙarawa. Wannan dukan ne ya taso Auta daga barci.

Sai bayan kwanaki ta farka sosai, a ɗaki mai farin labule, robar ƙarin ruwa a hannun hagu, na dama a naɗe har gwiwa an rataye shi a jikin ƙarfe. Ta kalli naɗin. Ko ba a faɗa mata ba, tela ce, ta san tsawon abu da faɗinsa da ido. Naɗin ya yi siriri a inda bai kamata ba.

Likitar nan ce ta zo, ta ja kujera ta zauna, ta faɗa mata ba kwana-kwana. Cutar ta shiga jini, saura ƙiris a rasa ta gaba ɗaya. Manuniya ta riga ta mutu, ta tsakiya ma ta bi ta, dole aka cire su da wani sashe na tafin hannu. Sauran suna ƙoƙarin ceto su.

"Gwajin ya nuna ƙwayoyin da na rubuta miki ba sa taɓa irin wannan cutar. Na kira lambar da aka bar mini, na ce a kawo ki ranar, ko a wane hali. Ƙaninki ya ce to. Na sake kira washegari, ya ce kin ji sauƙi, an yi miki allura a gida. Abubuwan da aka yi ta ba ki rabi-rabi ba su kashe cutar ba, ɓoye ta suka yi tana ci. Ni ma da na sani da ban bar ki kin fita daga ɗakin nan ba ranar farko."

Yaya ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta tambaya ko za ta iya ɗinki. Likita ta ce akwai masu koyo da abin da ya rage, amma ba za ta yi mata alkawari ba.

Lokacin ziyara suka shigo su uku a jere, da lemo da ayaba da fulas. Malama na ganin hannun ta fashe da kuka, har sai da nas ta ce ta rage murya. Auta ya tsaya a ƙarshen gado yana murza makullin shago. Injiniya ya ce ƙaddara ta riga fata, kuma alhamdulillahi da abin ya tsaya a yatsu. Ya ce ya biya komai, kada ta sa wa ranta damuwa.

Yaya ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Su uku, duk a nan.

"Wa ke wurin Baba?"

"Kada ki damu, an tsara," Injiniya ya amsa da sauri, har da ɗan alfahari. "Ranar da aka kawo ki na buga waya ɗaya, kafin azahar an turo mana ma'aikaciyar jinya. Mace mai hankali, wallahi, har ta iya ba shi abinci yana ci. Ita ke yini. Ni na ɗauki hutu, ashe oga ma cewa ya yi me ya sa ban faɗa da wuri ba. Malama na kwana biyu, ina kwana biyu, Auta na cike gibi."

"Maigidana da kansa yake kawo ni," in ji Malama tana share ido.

"Kafin azahar," in ji Yaya.

"Kafin azahar."

"Ashe ana iyawa."

Malama ta shiga ɓare lemon da ba wanda ya ce yana so.

Likita ta shigo zagaye, nas na biye da ita da tiren allura. Ta duba hannun, ta ce akwai ci gaba, amma cutar ta taɓa ƙashi, don haka allurar jijiya za ta ɗauki makonni, kuma a nan za a yi ta. Injiniya ya yi gyaran murya. Ya sa muryar nan tasa.

"Likita, mun gode ƙwarai. Sai dai tsarin da muka yi a gida na wucin gadi ne, hutuna ya kusa ƙarewa, ita ma Malama makaranta na nemanta. Tunda yanzu an cire inda ya lalace, babu na haɗiya da za ta ƙarasa a gida? Ba wani aiki za ta yi ba, ido kawai za ta riƙa sawa. Abin da ba ta iyawa da dama, a hankali hagu zai saba."

Likita ta buɗe baki, amma Yaya ta riga ta.

"Likita, ranar farko kin kalle ni ban yi magana ba. Yau zan yi. Ba inda za ni sai ranar da kika ce na warke, da bakinki, kuma lambata za ki rubuta, ba ta kowa ba."

"Haba Yaya," in ji Malama, "ba wanda ya ce ki tashi yau. Amma ki duba, in hutunsa ya ƙare, wa zai zauna da Baba?"

Yaya ta kalli hannayensu. Na Injiniya da agogo, na Malama da ɓawon lemo, na Auta da makulli.

"Ku uku yatsu talatin gare ku, babu wanda ya yi ko ƙwarzane. Ni takwas suka rage mini, kuma ina so in fita da su. Ubanku ne kamar yadda yake ubana."

Sai wayar Auta ta yi ƙara. Ya duba, ya ce ma'aikaciyar jinyar ce. Ya ɗauka, ya saurara, ya rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Wai tana tambaya, man da ake shafa masa a baya, kafin wanka ne ko bayan wanka?"

Injiniya ya kalli Malama, Malama ta kalli Auta, sannan su ukun suka juyo suka kalli gado. Amsar na kan harshen Yaya, har ta ji tana neman fitowa da kanta, kuma riƙe ta ya yi mata zafi fiye da ɗinkin da ke hannunta. Ta haɗiye. Ta juya fuska wajen nas, ta miƙa mata hannun hagu.

"Bismillah, 'yata. Sa mini maganina."